Maigadin da Ba Ya Leƙa Waje

Simbal na gaske, wato faffaɗan faifan tagullar nan da ke lilo a saman gangunan zamani, muryarsa a jikinsa take. Ka sauke masa sanda, shi da kansa zai yi amo, ya yi ta shiii har ya gaji ya yi shiru. Gidan Zildjian sun fara ƙera shi a Santambul tun 1623, kuma har yau masu kyaun cikinsu haɗin jan ƙarfe ne kashi 80 da kuza kashi 20. Na lantarki kuwa roba ce aka shimfiɗa a kan filastik. Buge shi iya ƙarfinka, abin da zai ba ka bai wuce "ɗaf" ba. Duk amon da kake ji a lasifika daga wani ɗan akwati yake fitowa, wanda makaɗa ke kira modul. A cikinsa aka adana sautuka, shi ne kuma ke yanke hukuncin wanne zai saki, da wane ƙarfi, a wane lokaci.

Akwatin nan bai taɓa ganin sanda ba. Halinsa halin sabon maigadi ne da aka ba ɗaki a jikin get ɗin ƙarfe, ɗakin kuma ba taga. Ba ya ganin mai bugu, jin bugun kawai yake yi, ya kintata ko wane ne, ya ruga ciki ya kai labari. Faifan roba shi ne get, modul shi ne maigadi. In labarin da ya iso ciki ya zo a karkace, to ɗayan uku ne: ko get ɗin bai zauna daidai ba, ko bugun bai isa kunnen maigadi gaba ɗayansa ba, ko kuma ba a koya masa halin gidan ba. Yawancin masu cewa faifansu ya lalace, na biyu da na uku ne ke damunsu.

Mu leƙa ƙarƙashin robar. Akwai wani ɗan faifai siriri, bai fi kwabo girma ba, ana ce masa fiyezo. In ya girgiza sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, ƙaramin bugu ƙaramar wuta, babban bugu babba. Wa da ƙani ne 'yan Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano wannan hali na wasu duwatsu a 1880. Sai kuma wani siririn makunni da aka zagaya bakin faifan da shi, wanda ba ya auna ƙarfi ko kaɗan, abu ɗaya ya sani: an matse ni, ko ba a matse ni ba. Da waɗannan saƙonni biyu kacal akwatin ke gane komai. Fiyezo ya motsa shi kaɗai, an bugi jikin faifai ke nan. Fiyezo ya motsa makunni kuma ya danne, an bugi baki. Makunni ya danne ba tare da bugu ba, to makaɗi ne ya cafke bakin faifan da yatsu don ya shaƙe amon, sai akwatin ya katse sautin nan take.

Saƙo biyu hanya biyu yake bukata, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Kan wayar da ake soka wa faifan kaurinsa milimita 6.35 ne, daidai da na wayar gita, don haka kowacce ka soka za ta shige. Amma ka duba kan da kyau. Ta gita baƙin zobe ɗaya gare ta, wadda faifan ke so zobe biyu ne, ita ake kira TRS. Ka sa mai zobe ɗaya, saƙon makunni ba zai isa yadda yake ba: amon baki ya ɓace, shaƙewa ta daina aiki, wani lokacin ma akwatin ya ɗauka a matse bakin yake kullum. Mutum ya kwana yana latse-latse a allon akwatin, alhali waya ce ta toshe wa maigadi kunne ɗaya.

Kafin a taɓa allo ma, a gyara get. A kan sandar da ake ɗora faifan akwai wani ɗan ƙarfe mai doro da ke shiga wani rami a ƙarƙashinsa, aikinsa ya hana shi juyawa. In aka manta da shi, faifan zai yi ta zagaye har ya nannaɗe waya, kuma wajen da ya kamata a buga ya koma baya. A faifan Roland, sunan kamfanin can nesa da makaɗi ake juya shi, gefen da ba rubutu shi ake duka. Noti kuma ba a ɗaure shi tamau. A bar faifan ya ɗan yi lilo, a sakar wa wayar rara yadda in ya sunkuya ba zai fizge ta ba. Get ɗin da hinjinsa ya saki, ko ka ɗauko maigadin fadar sarki ba zai iya bambance baƙo da iska ba.

Daga nan sai gabatarwa. Kowane modul yana da wurin da ake gaya masa irin faifan da aka soka a kowane rami, misali CY-8 ne ko CY-13R. Da ka zaɓi sunan daidai, akwatin zai ɗora duk lambobin da injiniyoyin kamfanin suka riga suka auna wa wannan faifan, kuma a ganina sau da yawa aikin ya ƙare ke nan. Inda ake shan wahala shi ne haɗa kayan gida biyu, abin da ya zama ruwan dare ga mai sayen na hannu ɗaya bayan ɗaya. Roland da Yamaha duka a gari ɗaya hedikwatarsu take, Hamamatsu ta ƙasar Japan, amma ba su yarda da hanya ɗaya ba. Babban faifan riƙe kiɗa, wanda ake kira rayid, wuri uku ake bugunsa: jiki, baki, da ƙoƙon tsakiya. Roland, a faifai irin CY-13R, waya biyu take fitarwa, ɗaya ta jiki da baki, ɗaya ta jiki da ƙoƙo. Yamaha, a irin PCY135, ta cusa ukun cikin waya ɗaya, ta bambanta makunnin baki da na ƙoƙo da yawan turjiyar da wuta ke gamuwa da ita. Dabarar Yamaha ta fi tsafta a idona, wayoyi ba su cika wuri ba. Sai dai ka kai faifanta wajen akwatin da bai san wannan lissafi ba, wuri biyu zai ji, na ukun ko ya ɓace ko ya fito da muryar wani.

To, yanzu koyar da maigadi. Abu na farko kaifin ji. Akwatin yana auna kowane bugu da lamba daga 1 zuwa 127, ma'aunin da MIDI, tsarin da kayan kiɗan lantarki ke aika wa juna saƙo da shi, ya zo da shi tun 1983. Maigadin da kunnensa ya cika kaifi shi ne wanda yarinya mai tallar gyaɗa za ta ɗan ƙwanƙwasa, ya faɗo falo yana haki: "Ranka ya daɗe, ga wasu can za su ɓalle get!" Kowane bugu 127 ne a wurinsa, na lallashi da na fushi duk ɗaya, kiɗa ya zama ihu zalla. Wanda kunnensa ya dushe kuma sai ka kusa karya sanda kafin ya ɗaga murya. Gwajin mai sauƙi ne. Ka yi bugu mafi ƙarfi da ka san kana yi a kiɗa na gaske, ba na nuna bajinta ba, ka daidaita har ya zama wannan bugun ne kaɗai ke kai ma'aunin allo ƙarshe. In kuma ƙarar faifan da ake kira kirash ce ta danne sauran ganguna, wannan ba aikin kaifin ji ba ne, wurin rage murya daban yake.

Na biyu shi ne iyakar da ƙasa da ita maigadi ba zai tashi ba. Lokacin hunturu get ɗin ƙarfe kwana yake yana karkarwa. Maigadin da ke fitowa da tocila duk sanda iska ta kaɗa, gari ba zai waye ba sai an kore shi. Haka faifan da ke kan dandali kusa da manyan lasifiku, girgizar katako kaɗai na iya sa shi magana ba wanda ya taɓa shi. Sai a ɗaga iyakar. Amma kaɗan-kaɗan, domin 'yan ƙananan taɓe-taɓen da gwanin makaɗi ke yi a kan rayid, waɗanda su ne gishirin kiɗan, suna dab da wannan iyaka. A akwatunan Roland da yawa lambar daga 0 zuwa 31 take. Ka haura da ɗaya, ka gwada, ka tsaya a wurin da ƙaryar ta daina.

Akwai kuma bugu ɗaya da ke zama biyu, don faifai bai gama rawa ba akwatin ya ɗauka an sake bugu. Ana magance shi da gaya masa ya toshe kunne na ɗan lokaci bayan kowane bugu, lokacin da ake aunawa da ɗaya bisa dubun daƙiƙa. Ka tsawaita shi da yawa, bugun sauri ya riƙa zubewa.

Wanda ya fi cin rai shi ne get ɗin maƙwabci. A unguwannin da gidaje ke raba katanga, in aka yi wa maƙwabci bugu mai ƙarfi, girgizar takan bi bulo ta iso naka get ɗin. "Baba, wa ke nan?" "Na buɗe ban ga kowa ba, ranka ya daɗe, ashe gidan Alhaji ne." Gangunan lantarki duk a jikin firam ɗaya na bututu ake ɗaure su, don haka ka daki ganga ta sama, girgiza ta bi bututu ta hau sandar kirash, sai ka ji wani siririn "tsss" da ba ka nema ba. Akwatin yana da maganinsa: in bugu biyu suka zo kusan tare, ɗaya ƙato ɗaya ɗan mitsitsi, ya ɗauki ƙaramin a matsayin na maƙwabci ya yi watsi da shi. Dabara ce mai kyau, amma tana da kuɗinta. Maigadin da aka cika ja wa kunne a kan get ɗin Alhaji, ranar da baƙi biyu suka zo a tare, ɗaya can ɗaya nan, zai yi zamansa ya bar naka baƙon a tsaye. Makaɗi kuwa kullum cikin sauke sanda biyu a tare yake, kirash da ganga lokaci ɗaya. In lambar da aka sa wa wannan dabarar ta yi yawa, wanda aka fi taɓawa a hankali zai riƙa ɓacewa, kuma ba kullum ba, abin da ke sa a rasa gane bakin zaren. Shi ya sa ni na fi son a fara da sukudireba da hannu: a ƙara ɗaure maƙallai, a matsar da sandar faifan nesa da gangar da ke tsokanarsa, a tabbata ba abin da ke gogar wani. In da hali a ba kirash ƙafarsa daban, ya bar jikin firam ɗin gaba ɗaya. Abin da ya rage bayan wannan shi za a bar wa lamba.

Hai-hat shi ne mai wuyar sha'ani, kuma tun zamanin gangunan Simmons SDS-V na Ingila a 1981 makaɗa da yawa kan karɓi gangunan lantarki su riƙe faya-fayansu na tagulla. Faifai biyu ne a kife da juna, ƙafa ke buɗe su tana rufewa, kuma daɗinsa yana tsakanin buɗe da rufe ne. Ke nan ban da jin bugu, dole maigadi ya san ko get a garƙame yake, ko a sakaye, ko a wangale. Feda tana aika wannan labari ta wata hanya tata, a MIDI lamba 4 ce aka saba ba ta. Matsalar ita ce akwatin bai san inda "rufe" yake ba sai an nuna masa. A irin VH-11 na Roland, ana kunna akwatin faifan yana ɗage, sannan a kwance ɗaurinsa a bar shi ya zauna da nauyinsa a kan na'urar da ke ƙasa, a murɗa wani ɗan noti har alamar allo ta tsaya a tsakiya. Wanda ya tsallake wannan zai taka feda har ƙasa ya ji amon yana zuba.

Mai haɗawa da kwamfuta kuma ya san lambobi yake aikawa, ba sauti ba. A tsarin gama-gari 42 rufaffen hai-hat ne, 46 buɗaɗɗe, 49 kirash, 51 rayid, 53 ƙoƙonsa. In ka bugi baki ka ji wani abu dabam, lambar ce manhajar ta fassara ta wata fuska, faifan lafiyarsa lau.

A 2016 Roland ta fitar da TD-50 tare da rayid mai suna CY-18DR, wanda ke da na'urorin ji da yawa a ciki kuma da wayar USB yake haɗuwa. Wannan shi ke gabatar da kansa, akwatin ya gane shi da an soka. Amma sai akwatunan da aka yi masu ramin, irin su TD-27 da TD-50, ke karɓarsa, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Mai sayen na hannu dai, wanda shi ne mafi yawanmu, ya tafi da tasa wayar mai zobe biyu. Fiyezo ba ya cika mutuwa, makunnin baki ne ke gajiya, musamman daidai inda tsohon mai shi ya saba duka. Ka sa a kunna, ka buga, ka bi bakin faifan kana matsawa da yatsu taƙi-taƙi daga wannan gefe zuwa wancan. Duk inda ka matsa amon bai yanke ba, a rage maka kuɗi ko ka ajiye masa kayansa.