An Cire Kuɗi, Ba Su Shiga Ba: A Daina Gaggawar Sake Turawa

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tiransifa ta shigo kasuwannin karkara ta samu wurin zama. Yau a Dambatta ko Bichi ko Kunchi, manomi zai kai buhun gero, ɗan kasuwar da ya zo daga Dawanau ya ce masa, "Baba, kawo lambar akawun." Rigimar da ta biyo baya kowa ya san ta: mai saye na rantsuwa an cire masa kuɗi, mai kaya na rantsuwa bai ga alat ba. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

Tura kuɗi zuwa wani banki ba mataki ɗaya ba ne. Bankinka zai cire kuɗin, ya miƙa saƙo ga NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan, shi kuma ya isar wa bankin mai karɓa. Can za a zuba kuɗin, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo. Sabis yana iya ɗaukewa a kowace gaɓa. Mafi rikitarwa ita ce idan amsar ce kawai ta ɓace: kuɗi sun isa, amma bankinka ba shi da labari.

To, me banki zai yi a nan? Idan ya mayar maka da kuɗinka nan take, alhali sun shiga can, an biya sau biyu, wani ya yi asara. Idan ya riƙe har sai ya binciko, kai ne za ka kwana hannu rabbana, wataƙila kuɗin takin bana ne. Babu zaɓin da ba ya cizo. Galibi bankuna sukan zaɓi na biyu: su rubuta cewa aikin nan an fara shi, bai ƙare ba, su jira. Shi ne abin da masu POS ke cewa "yana fendin".

Masu rubuta manhajar kwamfuta ma da wannan suke fama. Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don adana tarihin gyare-gyaren aiki, idan haɗa aikin mutum biyu ya tsaya a tsakiya, takan ajiye alama, ta ƙi fara wani haɗin sai an ƙarasa na farko ko an soke shi. Takura ce, amma tana hana ɓarna. Wayarka kuwa sau da yawa ba za ta riƙe maka hannu ba. Kana iya sake dannawa, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta, domin kuɗin farko sukan faɗa bayan kasuwa ta watse, mai karɓa kuma ya hau mota ya tafi garinsu.

Akwai wa'adi. A watan Yunin 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su warware cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72, maimakon kwana 5 da ake yi a da. Wanda na'urar ATM ta wani banki ta ci wa kuɗi, awa 48 ne. Ba kullum ake cika wannan ba, gaskiya, amma haƙƙinka ne ka tambaya. Bankinka za ka fara kai wa kuka. Idan mako biyu suka wuce shiru, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki yana karɓar ƙorafi.

Sai dai kuka ba shaida wahalar banza ce. Karɓi rasit ko da na'ura ta ƙi biya, ka ɗauki hotonsa, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi. Lambar cinikin da ke jiki, da ita ake bin sawun kuɗin.

Mai kaya kuma, hoton rasit a wayar wani ba kuɗi ba ne, alat na bogi ma ya yi yawa. Duba ragowar kuɗin da ke akawun ɗinka da kanka. Idan ba su shiga ba, a ajiye buhun wurin sarkin kasuwa ko dillalin da kuka yarda da shi, ku karɓi lambar wayar juna gaban shaida. Jama'a, kada a sake turawa, kada kuma a ɗora kaya a mota, sai an san inda kuɗin farko suka tsaya.