Makarantar da Kuɗin Masu Alheri Ya Shiga Aji

Makarantar firamaren tana bakin gari, daf da gonakin gero, a wani ƙauye na ƙasar Kano. Tun kafin ƙarfe takwas yara ke ɓullowa ta lunguna, wasu daga makarantar allo, wasu da tsintsiya a hannu don sharar fili. Ranar kasuwa kuwa, ko lokacin girbi, sai ka ƙirga 'yan aji da yatsu.

Shekara da shekaru, taimakon da aka sani a nan gini ne. Attajiri ya sa kwano, ɗan siyasa ya shafa fenti, a rubuta suna a bango. Duk da haka yaro kan kai aji biyar bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Wannan ya sa tsofaffin ɗaliban makarantar, waɗanda da yawansu ke kasuwanci a Kwari da Dawanau, suka zauna da kwamitin kula da makaranta, inda dagaci da liman da wakiliyar mata da hedimasta suke. Aka tsayar da magana cewa kuɗin da tsofaffin ɗaliban suka tara zai tafi ga malami da littafi.

Yanzu da an tashi daga layin safe, sai a ware sa'a guda ta karatu. Ba a duba ajin yaro ko shekarunsa, abin da ya iya ake dubawa. Masu koyon haruffa na ƙarƙashin darbejiya suna zana su a ƙasa da tsinke. Masu haɗa gaɓoɓi na kan tabarma da 'yan katuna, suna jera ba da ka su sami baka. Waɗanda suka ƙware na cikin aji suna karanta gajeren labari da Hausa, malama na tambayarsu abin da suka fahimta. Lissafi ma haka yake, da tsakuwa da karan dawa. Wannan salon koyarwa ya samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, an kuma gwada shi a Borno, da ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano.

Sauyin da ya fi girma ga malamai yake. A lokacin hutu ana biya musu kuɗin mota su je bita. 'Yan garin da suka gama NCE suna koyarwa a matsayin sa-kai, ana ba su ɗan alawus a ƙarshen wata. Hedimasta da a da ba ya barin ofis, yanzu yakan zauna a bayan aji ya saurari darasi, bayan an tashi su tattauna da malamin. Iyaye mata su ne suka fara shaida, don sun ga 'ya'yansu na karanta musu rubutun da ke jikin kwalin magani.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aljihun ɗan kasuwa na bin yanayin kasuwa, shirin ƙungiyoyin waje kuma yana da wa'adi. Ɗaukar malamai da biyan albashinsu hakki ne na gwamnati. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta ilimi kyauta na shekara 9, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa. Tallafi na iya nuna abin da ke aiki, amma ba zai ɗauke wannan nauyi ba.

Don haka masu hannu da shuni, in za ku taimaki makarantar garinku, ku fara tambayar yara nawa ne suka iya karatu a aji uku. Ku sa dukiyarku inda za ta gyara wannan, sannan ku tsaya tare da kwamitin makaranta har hukumar ilimi ta sauke nata hakkin.