Sakin layin da ya kusa cinye baitulmalin Najeriya

A kwangilolin cinikin ƙasa da ƙasa, hankalin masu sa hannu yakan tafi ne kan farashi da wa'adin aiki. Sakin layin sasanci, wanda ke fayyace inda za a kai ƙara in an saɓa, ana tura shi can shafukan ƙarshe, sa'ad da kowa ya gaji. Alhali nan ne ƙasa ke zaɓar alƙalinta tun rigima ba ta taso ba, kuma shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID ta isa shaida.

A watan Janairun 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin, zai gina masana'antar tace iskar gas a Kalaba, gwamnati kuma ta kawo gas ɗin. Ba a kawo gas ba, ba a aza ko tubali ba. Duk da haka, a 2017 kwamitin sasanci na mutum uku a Landan ya ɗora wa Najeriya diyyar dala biliyan 6.6 ta ribar da kamfanin ya ce ya rasa, da ruwan kashi 7 cikin ɗari a shekara, har bashin ya haura biliyan 11. Abin lura shi ne kwangilar ta ambaci Landan a matsayin wurin zaman sasanci. Lauyoyin Najeriya suka ce wurin taro kawai ake nufi, mazaunin shari'ar yana gida. Bambancin ba ƙarami ba ne: kotun ƙasar da take mazauni ita ke da ikon soke hukunci. Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke hukuncin da kwamitin ya riga ya yanke cewa Najeriya ta saɓa kwangilar a 2016, amma a 2019 kotun Ingila ta ce mazaunin na can, umurnin Legas ya tashi a banza.

Wani zai ce ai Landan ɗin ce ta cece mu, tunda Mai Shari'a Robin Knowles ya gano a Oktoban 2023 cewa an ba da cin hanci kan kwangilar, kuma da zamba aka samo hukuncin, aka kuma rushe shi. Gaskiya ne, sai dai ƙofar da aka bi ƙunƙuntacciya ce. Sashe na 68 na dokar sasanci ta Ingila ta 1996 bai ba kotu damar sake auna ko diyya ta yi yawa ba. Sai an tabbatar da babban aibi irin zamba. Da sakaci ne kawai ba rashawa, da sai biya.

Wasu kuma na ganin maganin shi ne a dage kowane sasanci a yi shi a Abuja ko Legas. Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ƙarfafa wannan fata, amma mai zuba jari da ya san yadda ɗaukaka ƙara ke cin shekaru a kotunanmu zai ƙi, ko ya tsawwala farashi. Ban da haka, Najeriya ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958 tun 1970, wadda ta sa ƙasashe sama da 170 ke zartar da hukuncin sasancin juna. Ko a gida aka yanke, ana iya bin kadarorin gwamnati a waje. Abin da ke hannunmu shi ne rubutun kansa: a bayyana mazauni ƙarara, da dokar da za ta hukunta kwangilar, da iyakar diyya, kuma kada ma'aikata ta sa hannu sai ƙwararru a Ma'aikatar Shari'a sun bi shi layi-layi.