Foklif da Ƙafafun 'Yan Dako

Tun da aka kammala girbi, samarin ƙauyukan Ungogo suka koma yin sammako zuwa ƙwadago a sitocin Dawanau da masana'antun Bompai da Tokarawa, da wuya mutum ya zauna a wata majalisa, daga Fanisau har Rijiyar Zaki, bai ji ana maimaita labarin wani saurayi ba, wanda aka ce motar nan mai yatsu biyu ta ɗaukar kaya, wadda ma'aikata ke kira foklif, ta bi ta kan ƙafarsa a wani sito har likitoci suka ce sai an yanke. Wasu sun ɗora laifin a kan direba, wasu sun ce yaron ne bai kula ba, amma galibin jama'a sun rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar wani dattijo, wanda ya riƙe baki ya ce, "To, 'yar wannan aba da ba ta kai Golf ba, yaya za a yi ta raba mutum da ƙafa?"

Wannan zato shi ne asalin musibar, domin ido yana auna foklif da tsawonta, alhali kuwa haɗarinta yana cikin nauyinta. Saboda kada kayan da ta ɗauka a gaba su rinjaye ta, maƙeranta sun dasa mata wani dunƙulen ƙarfe a baya, kamar yadda mai jaki ke daidaita mangala da dutse idan ɓangare ɗaya ya fi nauyi, ta yadda wadda aka ƙera don ɗaukar tan 2 da rabi, ita kanta takan kai kimanin tan 4 ba tare da kaya ba. Nauyin buhun masara 40 ke nan. Idan wannan ya hau kan ƙafar da ke sanye da silifas, ko da tafiyar ba ta wuce ta mai tura kura ba, ƙashin ba karyewa yake yi ba balle a kai wa maɗori, niƙewa yake yi.

Sa'an nan kuma akwai masu cewa duk wanda ya iya tuƙa mota ya iya foklif, har a miƙa makulli ga yaron da ya fi kowa rawar kai a ranar da direba bai zo ba. Mota da ƙafafun gaba take juyawa, ita kuwa foklif da na baya, don haka idan ta karya kwana gindinta ne ke yin wurgi zuwa gefe. Duk wanda ya taɓa ganin mutum ɗauke da doguwar azara a kafaɗa ya waiwaya a cikin lungu, ya san wanda ke bayansa ne ke shan bugu. Haka ɗan dakon da ya raɓe jikin bango, yana tsammanin ya ba da hanya, yakan tsinci kansa matse tsakanin ƙarfe da bulo. Direban kuma, idan an jibga masa buhunan riɗi ko na zoɓorodo har sun wuce idonsa, makaho ne, sai fa idan ya tafi da baya yana duban hanyarsa.

Mas'ala mafi wuyar ganewa ita ce ta kifewa. Ko da yake ana ganin ƙafa huɗu, a haƙiƙa a kan wuri uku take tsaye, wato ƙafafun gaba biyu da wata ƙusa guda a tsakiyar ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, tamkar tukunya a kan duwatsun murhu. Muddin nauyi yana tsakiyar duwatsun nan uku, tukunya na zaune lafiya. Da zarar ya zarce gefe, miya ta zube. Ɗaga kaya sama yana matsar da nauyin zuwa inda ƙaramin rami ko ɗan gangare ya isa ya fitar da shi, kamar adaidaita sahu da aka lafta wa kaya a rufi ta shiga kwana da gudu. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi tafiya da kaya ƙasa-ƙasa, a gangare kuma kayan su fuskanci tudu. Idan kuwa ta tashi kifewa, zuciya takan ce wa direba ya yi tsalle, nan ne rumfar ƙarfen da aka yi don kare kansa take danne shi. Tsira tana ga wanda ya ɗaura bel, ya riƙe sitiyari, ya karkata jikinsa nesa da ɓangaren faɗuwa. A Amurka ma, inda doka ta wajabta horar da direba tukuna, foklif tana kashe kimanin mutum 70 a shekara.

Mu Musulmi mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, sai dai malamanmu ba su taɓa mai da ita hujjar sarayar da haƙƙi ba. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, ko mai janta, ko mai kora ta. Idan shari'a ba ta ƙyale mai raƙumi ba, ban ga ta inda za ta ƙyale wanda ya sa ƙarfe mai tan 4 a tsakiyar mutane ba tare da birki mai kyau ko ƙaho ba.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ikon shiga su duba injuna, ta kuma wajabta kai rahoton duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ta umarci mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun diyya na hukumar NSITF, kuma ta haɗa har da leburan da ake sallama kullum da yamma, ko da yarjejeniyarsa ta baki ce. Amma na tambayi samari da yawa da suka shekara suna dako, ban sami ko ɗaya da ya taɓa ganin sufeto da idonsa ba, kuma ina ganin hukumar da ba ta taka ƙafa zuwa sito ba, ba ta sauke amanar da aka ɗora mata ba.

Abin da aka saba gani shi ne a sa wanda ya ji rauni a mota zuwa asibitin ƙashi na Dala, a biya kuɗin kwanakin farko, a aiko wa mahaifinsa ɗan abin sannu, shi kuma ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji," saboda kunya da tsoron kada a hana ƙannen yaron aiki. Ba wanda ya gaya masa cewa doka ta ba ɗansa kwana 14 ya sanar da kamfani, da shekara guda ya nemi diyya. Kafin ya ji labari wa'adi ya wuce, damina ta faɗi, gonar da saurayin ya saba nomewa kuma tana jiran wanda zai riƙe fartanya.