Zaɓen Na'urar Gauraya Sauti: Xone ko DJM?

A manyan gidajen rawa na Balin da Landan da Amsterdam, wanda ke riƙe da taro har gari ya waye ba makaɗi ba ne irin wanda aka saba gani da ganga a rataye. Ana kiransa dije, aikinsa kuwa shi ne ya jona faifai da faifai ta yadda mai rawa ba zai ji inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba. Kiɗan da yake sakawa, watau haus da tekno, ya samo asali ne a Amurka cikin shekarun 1980, na farko a Shikago, na biyu a Ditroit. Na'urori ne ke kaɗa shi, yana bugawa kamar sau 120 zuwa 135 a minti guda, wato kusan ninkin bugun zuciyar mutum mai hutawa.

Wannan jone-jone ana yin sa ne da wata na'ura mai suna miksa, wadda sautin fayafayen ke bi ta cikinta kafin ya isa lasifika. Masu wannan sana'a sun daɗe suna gardama a kan guda biyu. Akwai Xone:92 ta kamfanin Allen & Heath na Ingila, wadda ta fito a farkon shekarun 2000. Akwai kuma DJM-900NXS2 ta Pioneer DJ na Japan, wadda ta fito a 2016. Kowace ta sami magajiya daga baya, Xone:96 a 2018, DJM-A9 a 2023, amma gardamar ba ta sake zani ba. Ga saurayin da ya yi ta tara kuɗi don ya sayi guda, batu ne babba, domin da abin da ya zaɓa hannunsa zai saba.

Abin da aka fi kai ruwa rana a kansa shi ne amo. Xone:92 analog ce, ma'ana sauti yana ratsa ta a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka. Ita kuwa DJM dijital ce, tana auna sautin sau 96,000 a kowane sakan, ta mai da shi alƙaluma, ta yi lissafi a kansu, sa'an nan ta sake mai da su wuta. Magoya bayan analog suna cewa tasu ta fi zaƙin amo. To, amma kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya da lafiya yana jin girgizar iska daga 20 zuwa 20,000 a sakan ne kawai, alhali awo sau 96,000 ya isa ya kama girgiza har kusan 48,000. Wannan fage ne na jemage, ko kare da kyar yake kaiwa can. Saboda haka duk bambancin amon da ke akwai, ba wai dijital ta zubar da wani abu da kunne ke iya ji ba ne, kuma a cikin ɗaki cike da jama'a ɗan kaɗan ne ke iya rarrabe shi.

Ainihin bambancin yana ga yatsu. In aka saki fayafayai biyu a tare, manyan gangunansu sukan yi karo. Idan sun faɗi daidai, ƙarar ta hauhawa har lasifika ta shaƙe. Idan ɗaya ta ɗan makara, sai su riƙa kashe juna, kiɗan ya yi laushi. Dole ne dije ya zare kaurin sautin ɗaya kafin ya shigo da na ɗayan. Xone ta raba sautin kowane faifai kashi 4, kowane kashi da maɓallinsa na murɗawa, tana kuma da rariya biyu na lantarki masu tace sauti sannu a hankali. Wannan ya dace da mai tekno wanda zai bar fayafayai biyu ko uku suna tafiya tare na mintoci, yana sassaƙar su kamar mai gyaran turmi. Sai dai ba ta da amsa-kuwwa da sauran ado na sauti a cikinta, sai an sayo wata na'ura an jona mata.

DJM kashi 3 take rabawa, amma adon sauti yana cikinta birjik, kuma tana karɓar bayanin saurin kiɗa kai tsaye daga na'urorin saka waƙa na kamfaninta. Bugu da ƙari, irinta ce aka fi samu a girke a gidajen rawa da bukukuwan kiɗa. Wanda ke fatan a riƙa gayyatarsa wurare, ya fi masa ya koyi abin da zai tarar a can. Wanda kuwa burinsa doguwar saƙa ce, Xone za ta fi biya masa bukata.

Akwai wata na'urar da ba a cika sa ta a lissafi ba. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, su ne ke mai da girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Tsuntsaye da kifaye suna sake tsiro da su in sun lalace, mutum kuwa in ya rasa su ya rasa ke nan. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa gidajen kiɗa a 2022, minti 15 ke nan.

Ɓarnar takan fara ne wajen girgiza 4,000 a sakan. Dijen da ya soma rasa wannan yanki sai ya ji kiɗa ya dushe masa, ya murɗa maɓallin siririn sauti sama, jama'ar da ke gabansa su kwashi kaifin. Duka miksocin biyu suna da fitilu masu nuna ƙarfin sauti, waɗanda ke komawa ja in an wuce kima, suna kuma da maɓalli na dabam don rage lasifikar da ke kusa da kunnen dije ba tare da an taɓa ta masu rawa ba.