Sayen Tsohon Injin Daddatsa Rassa: Abin Da Ya Kamata A Duba

Kowace shekara in bazara ta kama, masu sana'ar rage rassan itatuwa a birnin Zariya ba su da hutu. Mai gida ya kan kira su tun kafin iskar farkon damina ta karyo reshen darbejiya ko na mangwaro bisa kwanon ɗakinsa, ko bisa wayar lantarki. In an gama sara kuwa sai wata wahala ta taso, watau ta kwashe tarin rassa da ganye daga lungu. Saboda haka ne waɗansu daga cikinsu su ke sha'awar injin nan mai haɗiye reshe ya fitar da shi ɓarɓashi. Sabo ya fi ƙarfin yawancin mutane, sai tsoho, irin wanda a ke kira ɗan Kwatano. To, kafin mutum ya sayar da sansa ko ya ci bashi domin wannan inji, ga abubuwan da ya kamata ya sani.

Da fari dai sai ya tambayi kansa aikin da injin zai yi. A Ingila da Amurka reshen da aka sare shara ne, har biya a ke yi a kwashe shi, don haka injin ya ke da riba a can. A Zariya ba haka abin ya ke ba. Gungume da reshe mai kauri kuɗi ne, masu faskare da masu gidan burodi suna jiransu. Ƙirare ma masu tuyar ƙosai da waina ba su bari ya kwana. Wanda ya zuba itacen girki cikin inji ya niƙe kuɗinsa ne da hannunsa. Abin da ya rage wa inji shi ne ɗanyun ƙananan rassa da ganye da ƙaya, kuma wannan aiki na 'yan watanni ne kawai.

Ashe ke nan injin da ya dace da mutumin Zariya shi ne wanda zai daddatsa reshe da bazara, ya kuma daddatsa karan dawa da na masara bayan girbi. Masu kiwon shanu da tumaki sun san in aka zuba wa dabba kara dungum, ganyen ta ke ci ta tattake sauran. In an daddatsa shi ƙanana aka gauraya da dusa ko harawa, ta kan ci da yawa, ɓarna ta ragu. Daga Nuwamba har zuwa Afrilu ba a ruwa, abincin dabba ya kan yi tsada, nan ne mai inji zai sami ciniki. Wanda ya ke son ƙarin bayani yana kusa da masana. Gidan gona na Samaru, wanda aka kafa a 1922, ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yana da sashen injinan noma. Gidan binciken dabbobi na Shika kuwa tun 1928 ya ke aiki a kan kiwo.

Na biyu shi ne girma. Ƙaramin inji mai shan fetur, mai ƙarfin doki 6 zuwa 15, ya kan ci reshe mai kaurin inci 2 zuwa 4, kuma mutum biyu suna iya tura shi. Babba mai shan man gas ya kan ci inci 6 ko fiye, amma sai mota ta ja shi. Wanda ya san lungunan cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Kwarbai har Ƙofar Kona, ya san akwai inda ko amalanke da ƙyar ta ke wucewa. Inji in bai isa gindin itace ba, sai an ɗauki rassa a ka an kai masa, wahalar da a ke gudu ta dawo ke nan.

Ran zuwa saye kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ya ɗauki bakanike wanda ya amince da shi, ya biya shi ladan yininsa, ya kuma riƙe ɗanyen reshe guda biyu ko uku da damin kara. Ba a cinikin biri a sama. Ga abin da za su duba.

1. Su isa da sassafe, su taɓa injin su ji ko da sanyi. Mai wayo ya kan ɗumama inji kafin mai saye ya zo, domin injin da ya gaji ba ya tashi da sauƙi in ya kwana.

2. Su dubi hayaƙi. Shuɗi alama ce yana ƙona baƙin mai. Baƙi alama ce mai ya yi yawa ko iska ba ta shiga sosai. Fari wanda bai daina ba bayan inji ya yi zafi, shi ma abin tsoro ne. A zaro ma'aunin baƙin mai, in an ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga.

3. A kashe inji, a jira ya tsaya cak, sa'an nan a buɗe murfin wuƙaƙe. Wuƙa mai dakushi a kan wasa ta, wannan ba kome ba ne. Amma wadda ta tsage, ko wadda aka wasa har ta ƙare, sai sabuwa. A dubi ƙarfen da wuƙar ke gittawa a gabansa, in bakinsa ya cinye inji zai riƙa tauna reshe ne maimakon yankawa, ya sha mai a banza.

4. A kama faifan da wuƙaƙen ke jiki a girgiza. In yana motsi gefe da gefe, ko yana gurnani in an juya shi, boris ya mutu. In an ga tabon walda a jikin faifan, lalle a fasa cinikin kome arahar, gama ƙarfe ne mai juyawa da gudun gaske, ran da ya balle ba ya barin na kusa.

5. A dubi bel, a dubi noti-noti, a dubi sabon fenti da kyau. Fenti ya kan rufe tsatsa da tsaga.

6. A tayar da shi a sa masa reshen da aka zo da shi. Ɓarɓashi ya fito daidai wa daida, inji kuma kada ya shaƙe.

Bayan wannan sai maganar kayan gyara, ita ce ta fi kashe masu tsohon inji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohon inji kuwa lalle wata rana zai nemi gyara. Kafin a biya, a rubuta sunan injin da lambarsa, a zaga Sabon Gari, in ta kama a je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a tambayi wuƙarsa da bel da boris. In ba a samu ba, a bar shi. Sau da yawa injin da maƙeran gida suka haɗa, aka ɗora masa kan inji irin na ban ruwa wanda kowane bakanike ya sani, ya fi na Turai da ba shi da ɗan'uwa a ƙasar. A kuma karɓi rasit mai sunan mai sayarwa da lambar inji, a gaban shaidu, don gudun kayan sata.

Sai lissafi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mai ya zama babban abu. Mai saye ya auna man da injin ya sha cikin sa'a guda ran gwaji, ya haɗa da ladan yaro, da kuɗin ɗauko inji, da na wasa wuƙa. Sa'an nan ya ƙidaya kwanakin da ya tabbata zai sami aiki a shekara. In abin da zai rage ba zai mayar da kuɗin inji cikin shekara biyu ba, gara ya haɗa kai da 'yan'uwansa masu sana'a su saya tare, ko ya ci gaba da adda da gatari.

Ɓarɓashin rassa shi ma yana da kasuwa wajen masu lambu da masu gonar mangwaro da gwaba. A kan shimfiɗa shi kaurin inci 2 zuwa 4 kewaye da itace, ya riƙe laima ya hana ciyawa. Kada a bari ya taɓa jikin itacen saboda gara da ruɓa, kada kuma a binne shi ɗanye cikin ƙasa, don yana janye abincin shuka kafin ya ruɓe.

Daga ƙarshe, injin nan ba ya bambanta reshe da hannu. Ba a aiki da shi da babbar riga ko rawani mai jela. Guntun reshe da wani reshe a ke tura shi, ba da hannu ba. A rufe ido da tabarau, a kori yara nesa, in ya shaƙe a kashe shi kafin a taɓa. Wanda ya duba duk waɗannan ya ga sun yi daidai, to, ya saya, Allah ya sa albarka. Wanda ya ga da saura kuwa, ya riƙe kuɗinsa tukuna, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.