KARKACEWAR ƘASHIN BAYA: DARASIN DA ANNOBAR KORONA TA BAR MANA

A wannan shekara mun ga ya dace mu yi magana a kan wata cuta da ke kama yara masu shekaru irin namu, amma ba a cika lura da ita ba sai ta yi nisa. Ita ce karkacewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sikoliyosis.

Mece ce wannan cuta?

Ƙashin bayan mai lafiya a miƙe yake idan an dube shi ta baya. A wurin mai wannan cuta kuwa, sai ya lanƙwashe zuwa dama ko hagu, har kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ta fi bayyana daga shekara 10 zuwa lokacin balaga, sa'ad da yaro ke saurin girma, kuma tana samun kamar yara 2 ko 3 cikin 100. Ta fi tsananta a wurin 'yan mata. Yawanci ba a san abin da ke kawo ta ba. Ba ɗaukar tulu ko jakar littattafai ke jawo ta ba, ba kuma aikin maita ba ne. Ta bambanta da doron da tarin fuka na ƙashi ke kawowa, wanda yakan zo da ciwon baya, zazzaɓi da rama, ana kuma ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati.

Gwajin farko ba shi da wuya. Yaro ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya gaba, wani ya duba ta baya. Idan haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi tasowa, sai a je asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Mu na Birnin Kudu da Gwaram muna da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, daga can kuma ana iya tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

Yadda ake magani

Likita yana auna lanƙwasar da digiri. Idan ba ta kai 25 ba, akan sa ido ne kawai ana maimaita awo. Daga 25 zuwa 40, idan yaron bai gama girma ba, ana yi masa rigar roba mai tauri daidai jikinsa. Idan ta kai 45 ko 50, sai a fara batun tiyata, aiki mai tsada ƙwarai. Rigar ba ta miƙar da baya sarai. Aikinta shi ne ta hana lanƙwasar ƙaruwa har girma ya tsaya. Mai ɗori ba zai iya wannan ba, gama ba karaya ba ce.

A 2013, Dokta Stuart Weinstein na Jami'ar Iowa a Amurka da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken yara 242. Cikin waɗanda suka sa rigar, kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba su kai matakin tiyata ba, a cikin waɗanda ba su sa ba kuwa kashi 48 ne. Waɗanda suka sa ta wajen awa 13 ko fiye a rana, kimanin kashi 90 sun tsira. Masu sa ta ƙasa da awa 6 kuwa, kusan ɗaya suke da wanda bai sa ba. Ashe rigar da ke cikin akwati ba ta maganin kome.

Abin da annoba ta koya mana

Korona ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020. A watan Maris aka rufe makarantu, a Afrilu aka kulle Kano aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har farkon Yuli. Ga yaron Gwaram mai ganin likita a Dala, hanya ta toshe ke nan. Amma girma bai tsaya ba. Rigar da ta yi daidai a Janairu tana iya matse mai ita bayan 'yan watanni, ga kuma zafin bazara, ga babu likitan da zai tambayi awa nawa aka sa ta. A irin wannan hali ne yaro kan tuɓe ta ya ajiye, kuma watannin da suka wuce ba sa dawowa.

Don haka muna ba da shawara. Mai rigar ya riƙa rubuta awannin da ya sa ta kowace rana. Ya sa singileti na auduga a ciki saboda gumi. Iyaye su karɓi lambar wayar asibiti, domin in hanya ta sake rufewa a iya jin ta bakin likita. In rigar ta matse ko ta goge fata, a nemi gyara, kada a yar da ita.

Mu ɗalibai ma muna da namu aiki. Sau da yawa ba zafi ke sa yarinya ta cire rigarta ba, ba'ar da ake yi mata a ɗakin kwana ce. Wanda ya yi mata dariya yana tura ta ɗakin tiyata bai sani ba. Muna roƙon malamai masu kula da ɗakunan kwana da zumuntar mata su koyi gwajin sunkuyawa, su duba yara a farkon kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba mu zuciyar kula da juna. Amin.